A rufa wa talaka da mamaci asiri

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, kai da abokan aikinka, Allah ya ƙara wa jaridarku albarka. Ka ba ni fili in yi magana kan abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda wayar hannu ta raba mu da kunya, har ta kai ba a ba talaka tiyar shinkafa sai an ɗauki hotonsa, ba a ganin gawa a kwance sai an yi rige-rigen watsa ta duniya. Ni tsohuwar malamar makaranta ce a nan Jos. Na koyar da addinin Musulunci a sakandare har na yi ritaya, kuma tun da na ajiye alli, aikin da ya fi cin lokacina shi ne wankan gawar mata a unguwarmu da maƙwabtanta. Mai wannan aiki tana ganin mutum a ranar da ba ya iya jan zane ya rufe kansa.

Hujjar da zan kafa za ta ba wasu mamaki, don daga littattafan malaman Yahudawa na ɗauko ta. Na fara cin karo da su ne ina karatun addinai a jami'a, inda aka ɗora mana sanin abin da Ahlul Kitabi ke faɗa da bakinsu, daga baya na ci gaba da bibiya don kaina. Na san halin da zukata ke ciki. Tun Oktoban 2023 muke ganin ana zaƙulo yara daga ƙarƙashin ɓaraguzai a Gaza, an kashe dubun dubatar mutane, kuma ni ma ba na iya kallo ban zubar da hawaye ba. Amma Allah ya ce a Suratul Ma'ida kada ƙin wasu mutane ya hana mu adalci, a Ali Imrana kuma ya ce Ahlul Kitabi ba duka suka zama ɗaya ba. Manzon Allah (SAW) ya ce a ba da labari daga Bani Isra'ila, babu laifi, Buhari ne ya ruwaito. Kuma duk wanda ya karanta abin da zan kawo, ya dubi abin da ake yi wa Falasɗinawa, zai ga littafin mutum na iya zama shaida a kansa. A cikin Isra'ila kanta akwai Yahudawan da suka ga haka: ƙungiyar B'Tselem, da aka kafa a 1989, aikinta tattara bayanan zaluncin da ake yi wa Falasɗinawa a yankunan da aka mamaye.

Yahudawa suna da babban kundi da ake kira Talmud. Tushensa Mishna, tarin hukunce-hukuncen da aka haɗa wajen shekara ta 200 Miladiyya a ƙasar Falasɗinu, sai malamansu na Iraƙi suka yi ta sharhi da muhawara a kai har bayan shekara ta 500. A babin da ake kira Sota, wani malami, Rabbi Hama ɗan Hanina, ya tsaya a kan ayar Attaura da ta ce ku bi bayan Ubangiji Allahnku. Ya ce yaya ɗan Adam zai bi bayan Allah, alhali Attaurar ta ce shi wuta ne mai cinyewa? Sai ya amsa wa kansa: halayensa za ka bi. Ya tufatar da mai tsiraici, don ya yi wa Adamu da matarsa riguna na fata ya sa musu, kai ma ka tufatar. Ya duba mara lafiya, don ya bayyana ga Ibrahim a Mamre yana jinya, kai ma ka je dubiya. Ya yi ta'aziyya, don bayan rasuwar Ibrahim ya sa wa ɗansa Ishaƙa albarka, kai ma ka yi. Ya binne mamaci, don shi ya binne Musa a wani kwari na ƙasar Mowab, kai ma ka binne. Wani malamin, Rabbi Simlai, ya ɗora da cewa Attaura da alheri ta fara, da alheri ta ƙare: farkonta tufatarwa, ƙarshenta binnewa. A wani babin kuma Abba Sha'ul ya taƙaita: kamar yadda yake mai rahama mai jin ƙai, kai ma ka zama mai rahama mai jin ƙai.

Musulmi zai ɗan ja baya a nan, kuma yana da gaskiya. Allah babu abin da ya yi kama da shi, kuma waɗannan labarai yadda suke a wurinsu na kawo su, ba yadda suke a wurinmu ba. Sai dai manyan malamansu ma ba su nufin Allah yana da jiki. Musa ɗan Maimun, wanda aka haifa a Ƙurɗuba ta Andalus, ya zauna a Fas, ya yi likitanci a fadar gidan Salahuddin a Masar, ya rasu a 1204, ya rubuta da Larabci yana kore wa Allah jiki da siffar halitta da zafin da duk ɗalibin tauhidi zai gane. Mu ma Imamu Gazali, a littafinsa na sunayen Allah kyawawa, in ya gama bayanin suna sai ya faɗi rabon bawa daga gare shi. Kuma ƙananan yara ma sun haddace hadisin nan: masu jin ƙai, Mai rahama zai ji ƙansu, ku ji ƙan na ƙasa, na sama zai ji ƙanku.

Abin da ya kama zuciyata shi ne abin da Rabbi Hama ya zaɓa da abin da ya bari. Allah mai azaba ne, mai hukunci ne, ya halakar da al'ummu da ruwa da iska. Bai ce mu yi koyi da ko ɗaya a nan ba. Ya zaɓi ayyuka huɗu da babu mai yi wa mutum kirari a kansu, ayyukan da a garin nan galibi tsofaffin mata da talakawan masallaci ke yi. Mu mutanen Jos mun ga waɗanda suka ɗauki ɗaya ɓangaren, suka naɗa kansu masu zartar da fushin Allah, a Satumban 2001, a Nuwamban 2008, a Janairun 2010 da bayan nan. Mun ga an cinna wa ɗan Adam wuta da sunan addini, daga nan da can, alhali Annabi (SAW) ya ce babu mai azaba da wuta sai Allah. Kuma in ka duba ayyukan nan huɗu, kowanne zuwa ne wurin mutum a lokacin da asirinsa ke gab da tonuwa: ba shi da sutura, ko ciwo ya kayar da shi, ko kuka ya ci ƙarfinsa a gaban mutane, ko ya mutu. Wanda ya zo a irin wannan lokaci, ko ya rufa, ko ya ƙarasa tonawa.

Idan za mu yi wa mace wanka, mukan rufe ƙofa, mu fitar da duk wadda ba ta da aikin yi a ɗakin. Mukan shimfiɗa zane a kanta, ba a yaye shi har a gama, a ƙarƙashinsa ake zuba ruwan magarya. Mai cuɗawa takan naɗe hannunta da ƙyalle. Abin da ido ya gani na ciwo ko rama ko tabo, a ɗakin yake mutuwa, ko mijinki ba ki faɗa wa. Haka muka koya daga iyayenmu. To yanzu sai ka ga yarinya ta leƙo da waya tana son ɗaukar fuskar kakarta, wai za ta tura wa 'yan uwa na Legas. Nakan hana, wani lokaci a ji haushina, amma ba zan daina hanawa ba. Matar nan da tana da rai, ko ɗankwalinta ne ya zame ba za ta yarda a ɗauke ta ba.

A babin Talmud da ya shafi makoki, mai suna Mo'ed Katan, akwai wani wuri da nake so kowane mai hali a garin nan ya ji. Suka ce da can, in za a kai abinci gidan makoki, masu kuɗi kan kai a kwandunan azurfa da zinariya, talakawa a kwandon da aka saƙa da tsumagun itace, sai talakawa suka riƙa jin kunya. Malamai suka kafa doka kowa ya kai a kwandon itace. Da can ana shayar da masu ta'aziyya a gidan mai kuɗi da kofin farin gilashi mai tsada, a gidan talaka da mai launi mai araha, sai aka ce kowa ya yi da mai araha. Da can akan buɗe fuskar gawar mai kuɗi, a rufe ta talaka don yunwa ta baƙanta ta, sai aka ce a rufe ta kowa. Da can akan ɗauki mai kuɗi a kan gado na alfarma, talaka a makara, sai aka ce kowa a makara. Kowace doka da dalilinta ɗaya a rubuce: saboda mutuncin talakawa. Sannan suka ce tsadar likkafani ta taɓa kai wa binne mamaci ya fi mutuwarsa nauyi a kan dangi, har wasu kan ajiye gawa su gudu. Sai shugabansu Rabban Gamaliyel, mutumin ƙarni na farko Miladiyya, mai arziki da daraja, ya yi wasiyya a binne shi da farin lilin kawai. Daga nan kowa ya bi.

Ka lura da wanda aka motsa. Ba a tara kuɗi an saya wa talaka kwandon azurfa ba, mai kuɗi aka ce ya sauko. Kuma babba ne ya fara da kansa, don in talaka ya rage biki cewa za a yi babu ce ta sa, in sarki ya rage sai ya zama ado. Mishna ma ta ce a wasu ranaku biyu na shekara 'yan matan Ƙudus kan fita da fararen kaya na aro, kowacce sai ta ara ko 'yar wane ce, don kada a kunyata wadda ba ta da shi.

Mu Musulmi mun gode wa Allah, likkafaninmu ɗaya ne, alawayyon da za a naɗe attajiri shi za a naɗe ɗan dako, makarar masallaci kuma ba ta san mai kuɗi ba. Amma abin da muka tsira da shi a makabarta mun dawo da shi cikin gida. Ranar sadakar uku da bakwai da arba'in, ana duban wa ta kawo manyan kuloli, wa ta zo da langa ɗaya ta ɗanwake. Na ga mace ta ƙi zuwa ta'aziyyar ƙawarta ta ƙuruciya don ba ta da abin riƙewa a hannu. Maƙwabtanmu Kirista, waɗanda muka yi aiki tare shekara da shekaru, sun sha faɗa mini yadda gawa kan yi makonni a ɗakin ajiye gawa ana neman kuɗin akwati da abincin jama'a da anko, a gama binnewa a shiga biyan bashi. Batun anko na biki kuwa ya game kowa. Atamfar da aka fitar ta fi ƙarfin rabin dangi, wadda ba ta saya ba ta zauna a bayan rumfa ko ta ƙirƙiri ciwon kai. Da matan manya na garin nan, Hajiyoyi da matan fastoci da matan masu mulki, za su fitar da anko mafi araha a bikin 'ya'yansu, wallahi kafin shekara ta zagayo an bi su.

Malaman nan sun kai maganar kunyata mutum inda ban zata ba. A babin Baba Meziya suka ce wanda ya kunyata ɗan uwansa a bainar jama'a kamar ya zubar da jininsa ne, wani a cikinsu ya ce ai muna gani, jini kan janye daga fuskar wanda aka muzanta. Suka ce gara mutum ya jefa kansa cikin tanderu da ya kunyata wani a gaban mutane. A wani babin kuma suka ba da labarin wani malami a Iraƙi, Mar Ukba, wanda kullum yakan saka kuɗi a ramin ƙyauren wani talaka maƙwabcinsa ya wuce. Wata rana talakan ya ƙudura sai ya ga mai yi masa wannan alheri. Ranar kuwa malamin na tare da matarsa. Da suka ji an taɓa ƙofa suka ruga, mutumin na biye, har suka faɗa wani tanderun da ba a daɗe da kwashe wutarsa ba suka ɓuya. Ƙafar malamin ta fara ƙuna, ta matar ba ta ƙone ba, ta ce ya ɗora ƙafarsa a kan tata. Abin ya dame shi, sai ta ce masa ita tana gida, mai yunwa in ya zo abin da zai ci nan take take ba shi, shi kuwa kuɗi yake bayarwa sai an je an sayo. Ina son labarin nan saboda matar, don na san irinta da yawa a Gangare da Rikkos da Unguwar Rogo, masu zuba tuwo a kwano su aika yaro bayan isha'i ta ƙofar baya. Mishna kuma ta ce a Haikalin Ƙudus, babban wurin ibadarsu na da, akwai wani ɗaki na asiri, masu tsoron Allah su ajiye a ɓoye, 'ya'yan mutunci da talauci ya kama su ɗauka a ɓoye.

To, dubi abin da muke yi da azumi da Kirsimeti da lokacin zaɓe. A tara zawarawa da marayu a fili tun hantsi, a jera buhuna da kwalayen taliya a bayan mai bayarwa, a sa tsohuwa ta durƙusa ta riƙe ƙullin da bai kai mudu biyu ba, a ce ta ɗago kai ta dubi waya ta yi godiya. Kafin ta isa gida surukanta da kishiyarta da abokan ɗanta na makaranta duk sun gani a Facebook. Shinkafar za ta ƙare ranar Juma'a, hoton yana nan har jikokinta. Hausawa sun ce mutunci madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa. Akwai matan da na sani da suka gwammace su kwana da yunwa da su shiga wannan layi, kuma su ne suka fi kowa buƙata. Tara mutane a fili ɗin ma kansa yana kisa: a Disamban 2024 turmutsitsin rabon abinci ya ci yara 35 a Ibadan, ya ci mutum 10 a Maitama ta Abuja, cikin mako guda. Na san masu ƙungiyoyi za su ce masu ba su kuɗi ne ke neman shaida. A ba su rasit, a ba su lissafi, a kai wakilinsu ya gani da idonsa, a ɗauki hoton buhunan. Fuskar bazawara ba rasit ba ce. Allah ya riga ya faɗa mana a Baƙara cewa magana mai daɗi da yafiya sun fi sadakar da cutarwa ke biye da ita, kuma kada mu ɓata sadakokinmu da gori.

Musa ɗan Maimun ya jera sadaka hawa takwas. Na ƙasa shi ne mai bayarwa yana ɓata rai. Can sama akwai wanda bai san wa ya ba ba, mai karɓa ma bai san daga ina ba. Amma na ƙoli shi ne ka riƙe hannun mutum tun bai faɗi ba, ka ba shi rance, ko ka yi tarayya da shi a kasuwanci, ko ka nema masa aiki, har ya wadatu daga roƙo. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Haka 'yan kasuwar Katako da Farin Gada suka tashi, ubangida ya riƙe yaro shekaru, ya yaye shi da jari, gobe shi ma ya riƙe wani, kuma ba wanda ya kira mai hoto. Attaura ma ta ce in ka ba mutum bashi kada ka shiga gidansa ɗaukar jingina, ka tsaya a waje ya fito maka da ita, in kuma mayafinsa ne ka mayar masa kafin rana ta faɗi ya sami abin rufa. Na tuna da wannan ranar da saƙo ya shigo wayata daga masu ba da bashi ta intanet, da sunan wata tsohuwar ɗalibata da hotonta, ana kiranta ɓarauniya a gaban duk wanda lambarsa ke cikin wayarta, a kan kuɗin da bai kai na buhun masara ba.

Saura maganar gawar wanda ba naka ba, kuma ita ta fi yi mini nauyi. Mishna ta kawo gargaɗin da ake yi wa shaidu kafin su ba da shaidar da za ta sa a kashe mutum. Ana ce musu Adamu shi kaɗai aka halitta don a san wanda ya halaka rai ɗaya kamar ya halaka duniya ne, wanda ya raya rai ɗaya kamar ya raya duniya. Wasu kwafe sun ce rai daga Isra'ila, amma akwai tsofaffin rubutun hannu da ba su da wannan ƙari, kuma Alƙur'ani ya raba gardama a aya ta 32 ta Ma'ida, inda Allah ya ce ya wajabta wa Bani Isra'ila wannan, ya ce rai, ya ce mutane baki ɗaya. Ayar da ke gabanta kuwa, ta 31, ita ce ta hankakan da Allah ya aiko yana tono a ƙasa don ya nuna wa ɗan Adamu yadda zai rufe gawar ɗan uwansa. Rufe gawa da tsare rai a jere suka zo. Mishnar ta ƙara wani dalili: an halicci mutum ɗaya ne don zaman lafiya, kada wani ya ce wa wani ubana ya fi ubanka. Duk wanda ya zauna a Jos ya san jinin da wannan kalma ta sha, wane ɗan ƙasa, wane baƙo, wane arne, wane ɗan zuwa. Sun kuma hana a ce wa ɗan wanda ya shigo addini tuna aikin kakanninka. Mu da ke kiran mutum tubabbe bayan ya yi shekara talatin yana salla, har a ƙi ba ɗansa aure, ya kamata mu ji wannan.

A babin Gittin suka ce a ciyar da talakawan waɗanda ba Yahudawa ba tare da na Yahudawa, a duba marasa lafiyarsu, a binne matattunsu, saboda hanyoyin zaman lafiya. Babban limamin Haikali, wanda Attaura ta hana ya kusanci gawar uwarsa ko ubansa, suka ce in ya tarar da gawa yashe a hanya babu mai binnewa, wajibi ne ya tsaya ya binne ta. Suka kuma ce ranar da aka nutsar da rundunar Fir'auna mala'iku sun so su yi waƙar yabo, Allah ya ce aikin hannuna na nutsewa a teku kuna waƙa? Fir'auna fa da mutanensa. Mu kuma muna da abin da ya fi wannan kusa: an wuce da gawa Annabi (SAW) ya miƙe tsaye, aka ce masa ai Bayahude ne, ya ce shin ba rai ba ne?

Ranar 20 ga Mayun 2014, da bama-bamai suka tashi a kasuwar Taminus suka kashe fiye da mutum ɗari, na ga mata 'yan kasuwa suna kwance zannuwan goyo da gyale suna rufe waɗanda ba su sani ba, ba wadda ta tsaya tambayar addinin gawa. Na kuma ga samari tsaye a kansu da waya. Hotunan nan ba sa mutuwa. Duk sanda wani abu ya tashi a Bassa ko Mangu ko Bokkos sai an tono tsofaffi an haɗa da sababbi, kowane ɓangare na tura gawar nasa don zuciya ta tafasa, yana tura gawar wancan da dariya a ƙasa. Binciken da BBC ta yi a 2018 ya nuna cewa cikin hotunan da aka yaɗa a Facebook a watan Yunin shekarar ana cewa na rikicin Barikin Ladi ne, har da wanda aka ɗauko daga Kongo, kuma 'yan sanda sun ce hotunan sun ƙara hura wutar da ta ci matafiya a kan hanya. A wannan watan dai, a ƙauyen Nghar, Liman Abubakar Abdullahi ya shigar da mutum 262 da ke gudun mahara, galibinsu Kirista, cikin masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya ƙi ba da su. Da na ji labarinsa ban yi mamakin tsufansa ko ƙarfin halinsa ba kamar yadda na lura da irin aikin: ɓoye mutane ya yi, ya rufe ƙofa a kansu.

Don haka, Malam Edita, roƙona gare ka kai tsaye ne, don jarida na koya wa mutane abin da ya halatta a kalla. Kada ku buga hoton gawa a buɗe, ko ta wane ne, ko da wasu sun riga ku. In an kashe mutane ku nemo sunayensu da sana'arsu da yawan marayun da suka bari, in danginsu sun yarda, wannan ya fi hoton jini sa mai karatu ya san an yi asara. In ɗan siyasa ko ƙungiya sun aiko muku hoton rabon tallafi, ku rufe fuskokin masu karɓa, ko ku buga na buhunan kawai, kuma ku faɗa musu dalili. Wanda ake zargi da laifi kotu ba ta yanke masa hukunci ba, kada ku nuna shi tsirara zaune a ƙasa, yana da uwa da 'ya'ya. Ga 'yan uwana mata masu ƙungiyoyin unguwa kuma, akwai hanyoyin da muka gwada suka yi: a je wurin mai shagon unguwa a biya bashin da ke littafinsa ba tare da an faɗi wa ya biya ba, a zuba wa mace adashinta na wata, a ba ungozoma ko matar liman ta kai da dare tunda sun san gidan da ba a ɗora tukunya ba. Masallatai da coci-coci su ajiye likkafani da kuɗin haƙa kabari a hannun mutum ɗaya amintacce, wanda mutuwa ta faɗo masa babu shiri ya je ya karɓa ba tare da an yi shela ba.

Na gode da haƙurin karanta doguwar wasiƙa. Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa a Filato da Gaza, ya ba ƙasarmu lafiya.

Wassalam,
Tsohuwar malamar makaranta,
Jos ta Arewa, Jihar Filato.